Zanen aro ba ya rufe katara: magana kan manhajojin zanen injiniya na "kyauta"

Duk wanda ya san Suame Magazine a Kumasi ya san irin baiwar da Allah Ya yi wa masu aikin hannu a ƙasar nan. Ka kai wa mutum karyayyen ƙarfen motar da aka daina ƙerawa tun kafin a haife shi, ya juya shi a hannu, ya auna, kafin la'asar ya fidda maka sabo. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne mutum wajen 200,000 ke cin abinci a wurin, kuma ba sai an faɗa ba, da yawansu 'ya'yan Zango ne daga Aboabo da Asawase da sauran unguwanninmu. Haka abin yake a Kokompe ta Accra da ta Takoradi. Kanikanci da walda da ƙira sana'o'inmu ne, su suka rufa wa gidaje da yawa asiri.

Sai dai sana'ar nan tana sauya kama a gaban idonmu. A yau akwai injin da ke yanka farantin ƙarfe da wutar lesa, akwai wanda ke sassaƙa katako ya fidda adon ƙofa, akwai wanda ke feƙe ƙarfe har ya kai awon da bai wuce kaurin gashi ba. Ana kiran su injinan CNC, kuma halinsu ɗaya ne: ba sa jin "masta, ɗan rage nan kaɗan". Fayil suke ji. Mutum zai zana abin da yake so a kwamfuta da cikakken awonsa, wannan shi ake ce wa CAD. Sannan manhaja ta lissafa hanyar da bakin injin zai bi, da zurfin da zai ci, da saurin da zai yi, wannan kuma CAM ke nan. A ƙarshe ta fitar da jerin umarni mai suna G-code, wanda injin ke karantawa ya yi aiki. Yaron da ya iya wannan, ko ba shi da injin kansa, zai zana a ɗakinsa a Nima ya kai fayil inda ake hayar inji a yanka masa. Wanda bai iya ba, ina jin tsoron nan da 'yan shekaru zai koma ɗan dakon ƙarfe a hannun wanda ya iya.

To ina matsalar take? Kuɗi. Manyan manhajojin wannan aiki na kamfanonin Amurka ne da Faransa da Jamus, kuma farashinsu da dala ake yanka shi. Tun 2016 kamfanin Autodesk ya daina sayar da AutoCAD saye na har abada, ya koma ba da haya, kuma hayar shekara ɗaya tana kai wajen dala 2,000. Mu kuwa da sidi ake biyan mu. Kowa ya tuna 2022, shekarar da aka shige ta dala ba ta kai sidi 7 ba, kafin Nuwamba ta haura 13. Shi ya sa da matasanmu suka ji cewa kamfanonin nan suna ba da lasisin kyauta ga masu yin zane don sha'awa, sai murna ta kama su. Ana ta tura wa juna a WhatsApp: ga Fusion kyauta, ga Onshape kyauta.

Ra'ayina a taƙaice shi ne wannan lasisi aro ne, kuma ba don irinmu aka ɗinka shi ba. A yi amfani da shi ido buɗe in ana so, amma kada malami ko mai shago ya gina makomar yaro a kansa. Abin da ya kamata ya zama harsashinmu shi ne manhajojin da ba mai iya ƙwace su, irin su FreeCAD. Bari in kawo dalilai.

Mu fara da karanta sharuɗɗan, tunda yawancinmu danna "na yarda" muke yi mu wuce. Lasisin Fusion na kyauta, na kamfanin Autodesk, an ware shi ne ga mai yin aiki a gida, ba don kasuwanci ba, wanda abin da yake samu daga aikin bai kai dala 1,000 a shekara ba. Raba wannan gida goma sha biyu, ba ta cika dala 84 a wata ba. Onshape ta kyauta ita ma ba a yarda a yi kasuwanci da ita ba, kuma duk abin da ka zana a bainar jama'a yake, kowa a duniya zai iya buɗewa ya kwafa. Solid Edge ta kamfanin Siemens tana da nau'in kyauta, amma fayil ɗin da ka yi da shi ba ya buɗuwa a nau'in da kamfanoni ke saye, kuma takardar zanen tana fitowa da tambari. SolidWorks ta masu sha'awa ba kyauta ba ce ma, ana biyan ɗan kuɗi duk shekara, da sharaɗin kada ka samu sama da dala 2,000, ita ma fayilolinta da alama a jiki.

Wa ake nufi da "mai sha'awa" a nan? Ana nufin mutumin da yake da albashinsa daga wani aikin, ya dawo gida ranar Asabar ya shiga gareji yana ƙera abin wasa don nishaɗi. Irin wannan mutum yana da yawa a Amurka da Turai, kuma lasisin ya yi masa daidai. A Zango fa? Wace uwa ce za ta tara kuɗin koko da ƙosai ta saya wa ɗanta laftof don ya yi nishaɗi? Yaronmu yana koyo ne don ya ci abinci, ya biya kuɗin makarantar ƙannensa, ya yi aure. Ranar da wani ya ba shi aikin zana adon ƙofar gida ko wani ƙarfen aboboya ya biya shi, ya fara taka sharaɗin. Wato lasisin yana tare da kai muddin ba ka ci nasara ba. Da ka fara tsayawa da ƙafarka, sai a ce biya ko ka sauka.

Ban ga laifin kamfanonin ba a kan neman kuɗinsu. Kasuwanci suke yi, kuma dabarar tsohuwa ce, irin ta mai sayar da kilishi da ke ba ka ɗanɗano. Sun san cewa hannun da ya saba da manhaja shekara uku da wuya ya sake wata, kuma duk zanen da ya tara yana cikin tsarin fayil ɗinsu. Abin da nake cewa shi ne mu san ɗanɗano ɗanɗano ne, kada mu ɗauke shi abincin dare.

Dalili na biyu: mai abu yana karɓe abinsa duk ranar da ya ga dama, kuma an sha gani. DraftSight, manhajar zane ta kamfanin Dassault na Faransa, shekaru ana amfani da ita kyauta a madadin AutoCAD. A 2019 kamfanin ya ce kyauta ta ƙare, kuma bayan 31 ga Disamba na shekarar duk tsofaffin nau'o'in kyautar suka daina aiki a kwamfutocin mutane. SketchUp, wadda Google ya sayar wa Trimble a 2012, nau'inta na kyauta da ake sakawa a kwamfuta ya tsaya a na 2017, abin da ya rage sai ta intanet. Ita kanta Fusion, a Satumbar 2020 Autodesk ya sanar da rage wa masu kyauta abubuwa da yawa. Aka ce zane goma kacal za ka iya riƙewa a buɗe kana gyarawa a lokaci ɗaya. A ɓangaren CAM aka cire sauya bakin inji da kansa, aka cire aikin injinan da ke juya ƙarfe ta fuska huɗu da biyar, aka cire gudun da inji ke yi idan yana tafiya a iska tsakanin yanka da yanka. Wannan na ƙarshen mai shago ne ya san zafinsa: inji zai riƙa jan ƙafa a inda ba ya cin komai, lokaci na tafiya, mita na cin kuɗi, ko janareto na shan mai. Har sun so su hana fitar da zane a tsarin STEP, wanda shi ne hanyar ɗaukar aikinka zuwa wata manhaja, sai da jama'a suka yi ca a kansu sannan suka janye wannan ɗayan. Masu ƙorafin da aka saurara a lokacin ba daga Kumasi suke ba. In gobe an sake rage wani abu, ba wanda zai tambayi ra'ayin Asawase.

Dalili na uku shi ne intanet. Onshape gaba ɗayanta a intanet take zaune, in babu layi babu aiki. Fusion tana ajiye zanenka a rumbun kamfanin, kuma ko ta yarda ka yi aiki na ɗan lokaci ba layi, sai ta nemi ka koma ka haɗa. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, Ghana da maƙwabtanta suka kwana da kwanaki cikin wahalar layi. Ka ɗauka kai ne ka karɓi kuɗin mutum za ka ba shi aiki a makon nan, zanenka kuma yana can a wata kwamfuta a ƙetaren teku. Ko ba wannan ba, kuɗin data da dumso sun ishe mu dalili.

Na san abin da wani zai ce: "Malam, duk wannan dogon Turanci na mene ne? Ai da sidi kaɗan za a zuba maka kirak ɗin AutoCAD ko SolidWorks cikakkiya." Gaskiya ne, haka ake yi, kuma ba a ɓoye ba. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Dokar haƙƙin mallaka ta Ghana ta 2005 ta haɗa da manhajar kwamfuta. Ta fuskar addini ma, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta su ba. Akwai malaman da suka sassauta wa ɗalibi mai larura, kuma ni ba mufti ba ne. Amma larura tana tsayawa ne inda babu mafita. Idan ga halal a ajiye kyauta, me zai sa mu gina sana'ar da za mu ciyar da iyali a kan abin da ke da shubuha? Haka nan wanda ya danna cewa shi ba kasuwanci yake yi ba alhali yana yi, alkawari ya ɗauka ya karya, ko da ba wanda ya gan shi. Ban da haka, manhajar sata ita ce babbar ƙofar da ƙwayar cutar kwamfuta ke shigowa. Kuma ranar da ka girma har babban kamfani ya so ba ka kwangila, lasisinka na cikin abin da zai iya tambaya.

To mece ce wannan halal ɗin? FreeCAD manhaja ce da wasu injiniyoyi a Jamus suka fara a farkon shekarun 2000, masu sa kai daga ƙasashe da dama suka ci gaba da gina ta, har nau'inta na 1.0 ya fito a Nuwamban 2024. Lasisinta ya ba kowa damar saukewa, da kwafa wa wani, da yin kasuwanci da ita ko nawa zai samu, har da gyara cikinta in ya iya. Ba rajista, ba asusu, ba ranar ƙarewa. Mutum ɗaya ya sauke ta ya sa a filashi, ya zuba wa kwamfutocin makaranta gaba ɗaya, kuma bai karya dokar kowa ba. Tana aiki ba intanet, zanenka yana zaune a kwamfutarka. Tana zana abu da tsawo da faɗi da kauri, tana fitar da takardar awo da za ka miƙa wa mai walda, tana da ɓangaren CAM da ke fitar da G-code. Ga mai zanen shimfiɗe kawai, irin na ƙofa da taga da allon talla, akwai LibreCAD. Ga mai zanen allon lantarki akwai KiCad, wadda cibiyar binciken CERN ta Turai ta sa hannu wajen inganta ta. Ga tuƙa injin kansa akwai LinuxCNC, da GRBL da ke gudana a kan ƙaramin allon Arduino.

Idan zan kwatanta da abin da muka sani, lasisin kamfani kamar famfon maƙwabci ne: ya ce ku riƙa ɗiba, kun gode, amma makullin na aljihunsa. Irin su FreeCAD kuwa sun fi kama da rijiyar wakafi a bakin masallaci. Ko wanda ya haƙa ta ba shi da ikon ya dawo ya rufe. In masu kula da ita sun watse, asalin rubutun manhajar yana hannun jama'a, wasu za su ɗauka su ci gaba. Ai LibreCAD ma haka aka same ta, daga wata manhaja mai suna QCAD ta tsiro.

Ba zan yaudari kowa ba, FreeCAD ba ta kai su Fusion laushi ba. Farkon koyonta akwai ciwon kai. Wani lokaci ka gyara awo ɗaya zanen ya rikice, kodayake nau'in 1.0 ya rage wannan matsala sosai, ya kuma zo da ɓangaren harhaɗa sassan inji wuri ɗaya. Ɓangarenta na CAM ya fi ƙarfi a yankan faranti da sassaƙa, aikin injin da ke juya ƙarfe yana feƙewa bai nuna ba tukuna. Darussan bidiyo na Fusion sun fi yawa kuma sun fi tsari. Wanda ke ƙera injin jirgin sama ba zai koma FreeCAD gobe ba. Amma mu tambayi kanmu me ake ƙerawa a shagunanmu: farantin injin niƙa, injin gurzar rogo, injin matsar manja, ƙofofi, bodin mota, ƙarafan da ke riƙe inji. Wanne ne a ciki ya fi ƙarfin FreeCAD?

Hujja mafi nauyi da ake kawo min ita ce ta neman aiki. Ana cewa kamfanonin Tema da na ma'adinai AutoCAD da SolidWorks suke tambaya, yaron da ya ce FreeCAD ya iya za a yi masa dariya. Akwai gaskiya a ciki, kuma bai kamata a raina ta ba. Amsata a matsayina na malami ita ce: abin da ke da wuyar koyo a wannan fanni ba wurin maɓallai ba ne. Mai wuyar shi ne yaro ya iya karanta zane, ya iya awo, ya gane yadda ake ɗaure layi da layi don kada zane ya goce, ya san ratar da ake bari tsakanin ƙarfe da ramin da zai shiga, ya san saurin da bakin inji zai jure kafin ya karye. Wannan ilimin ɗaya ne a kowace manhaja. Wanda ya koyi tuƙi da tsohuwar tasi ba ya rasa yadda zai yi da sabuwar mota. Sannan Autodesk da Onshape suna ba ɗalibai da malamai lasisin makaranta kyauta, wanda ake sabuntawa muddin mutum yana karatu. A karɓa a yi amfani da shi, wannan halal ne, yaro ya saba da su don ranar intabiyu. Amma ya zama na biyu. Domin ranar da ya gama makaranta wannan lasisin zai yanke, kuma yawancin yaranmu ba kamfanin Tema za su ba, shagon kawu za su koma ko su buɗe nasu. A ranar nan me ya rage a hannunsa?

Ga abin da nake ganin ya kamata mu yi, kuma babu wanda ke buƙatar jiran gwamnati a ciki.

Malamai 'yan uwana, musamman masu koyar da zane da fasaha a makarantun sakandare da na koyon sana'a da makarantunmu na Islamiyya masu ɗakin kwamfuta: ku zuba FreeCAD da LibreCAD, ku fara da su. Ku kawo ainihin ƙarfe daga shago yaro ya auna ya zana, maimakon kwafar hoto daga littafi.

Matasa masu amfani da Fusion ko Onshape a yanzu: ba na cewa ku goge su yau. Amma duk zanen da kuka gama ku fitar da kwafinsa a tsarin STEP, na shimfiɗe kuma a DXF, ku ajiye a kwamfutarku da filashi. Waɗannan tsare-tsare kusan kowace manhaja tana karanta su. In an rufe ƙofa gobe, kayanku na waje. Kuma ranar da kuka fara karɓar kuɗin aiki, ko ku biya lasisi in cinikin ya kai, ko ku koma inda ba a tambayar ku.

Iyayenmu mastoci: kada ku ga yaro da laftof ku ɗauka wasa yake ko raini ya kawo. Abin da ke kanku na shekara talatin, in ba a zana an ajiye ba, da ku zai tafi. Ku zaunar da shi ya zana injinan da kuka ƙirƙiro. Amma ku tambaye shi a ina zanen zai zauna, kada a wayi gari sirrin shagonku yana buɗe a Onshape kowa na kwafa.

Masu riƙe da al'amuranmu, daga sarakunan Zango da kwamitocin masallatai har Asusun Raya Zango: in za a kashe kuɗi, a kashe a kan inji da wuta da horar da masu koyarwa. Kuɗin hayar manhaja ɗaya ta shekara guda zai sayi tsofaffin kwamfutoci masu kyau da dama. Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan a kai ilimin injiniya cikin shago. Jami'ar KNUST ta kafa cibiyarta ta ba da shawara kan fasaha a 1972, ta buɗe reshe a cikin Suame Magazine a 1980, daga wannan ƙoƙarin aka samu GRATIS a 1987. Waɗancan sun kai injina da horo. Namu zamanin sai a ƙara da zane a kwamfuta.

Sannan akwai abin da mu ma za mu iya bayarwa. Masu sa kai ne ke fassara FreeCAD zuwa harsuna, ƙofar a buɗe take ga mai Hausa. Matashin da ya iya zai iya ɗaukar darasi da wayarsa, da Hausarmu ta Zango, ya nuna yadda ake zana abin da ake ƙerawa a unguwarsu. Wanda ke Yawunde ko Kwatano ko Kano zai amfana da shi, kuma ina kyautata zaton ladan ilimi mai amfani ba ya yankewa.

Kakanninmu da suka zo ƙasar nan fataucin goro ba su tsaya da ƙafarsu don wani ya ara musu jaki ba. Kayan aikinsu nasu ne, shi ya sa suka iya barin wa 'ya'yansu. Manhajar zane ita ce guduma da uwar maƙera ta yaran da ke tasowa. Mu ba su wadda za su riƙe har su koya wa nasu yaran, ba tare da wani ya aiko musu da saƙo daga ƙetare cewa sharaɗi ya sauya ba.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya ciyar da mu halal.